Farin Labulen Gidan Kumai

Ni na ɗinka labulen nan, gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni. Sunana Martina, tela ce ni a Kafanchan, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Kumai, akawu a tashar jirgin ƙasa. Katangar ba ta wuce kafaɗata ba. Saboda haka abin da zan ba ku ba a bakin rijiya na tsinto shi ba, da idona na gani.

A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, garinmu ya kamu da ciwon ƙawata falo. Wanda jiya yake zama a kan benci, yau sai ka ji yana maganar kushin kamar a kansa aka haife shi. Kumai kuwa ya fi kowa kamuwa. Ya shafe bangon falonsa da shuɗin fenti, ya shimfiɗa leda mai zanen furanni, ya sauko da kujerun kushin huɗu daga Jos. Ga kabad mai gilashi cike da farantan tangaran waɗanda ba a taɓa cin ko gyaɗa a cikinsu ba. A kusurwa, kan wani ɗan tebur, ya ɗora sabon risho mai baki biyu, aka lulluɓe shi da saƙaƙƙen mayafi, aka aza masa tulun furen roba. Duk baƙon da ya shigo sai an ɗaga masa mayafin ya gani, sannan a mayar.

Sai matarsa Hellen, mai buga tafireta a wani ofis, ta shigo mini da yadi fari fat mai raga-raga.

"Martina, ki yi mini shi har ƙasa, irin na gidan Turawa."

"Fari, Hellen? A gidan da ake tuƙa tuwo?"

"Ke dai ki ɗinka. Ai ba a falo ake tuƙawa ba."

Na ɗinka. Har da ƙarin ado na yi masa a baki, don ni ma ina son a ce aikin Martina ne.

Mai tuƙa tuwon ita ce Afiniki, yayar Kumai, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu a Nok, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, dangin mijin suka karɓe gida da gonar citta. Kumai ya je ya ɗauko ta, aka yi ta sa masa albarka a coci. Abin da ba a faɗa a coci ba shi ne, tun ranar da Afiniki ta sauke ƙunshin kayanta, Hellen ba ta sake riƙe muciya ba. Miji da mata da yara huɗu, ga baƙi ba sa yankewa, duk hannu ɗaya ke ciyar da su safe, rana da yamma.

Kuma wane irin hannu! Idan Afiniki ta ɗora gwaten acca da yakuwa da gauta, ƙamshin har kan kekena yake zuwa ya hana ni aiki. Duk wanda ya san acca ya san aikinta: ƙwayarta ƙanana, yashinta ma ƙanana, sai mai haƙuri da kaifin ido ke iya raba su. Afiniki takan zauna da ƙwarya biyu tana regewa, tana juyawa daga wannan zuwa waccan, har sai ba sauran ko ƙwayar yashi ɗaya. Ta girme ni da shekara goma, amma idan zare ya ƙi shiga allurata, katanga nake leƙawa in kira ta. Sau ɗaya take zurawa. Ita ce kuma mai yi mana karatu a taron Zumuntar Mata ran Alhamis. Da girmanta ta koyi karatu a ajin manya, kuma ba ta da abin alfahari a duniya da ya wuce wannan.

Ɗakin girkin wani ɗan ƙuƙumi ne a bayan falo, mai rufin kwano, da murhun duwatsu uku a ciki. Tagarsa ɗaya ce, tana kallon tagar falo, taku uku ne tsakaninsu. Idan iska ta juya, hayaƙi yakan fita ta wannan ya leƙa ta waccan. Shekara da shekaru haka ake, ba wanda ya taɓa cewa uffan, don a da babu abin da hayaƙin zai ɓata.

Wata Lahadi bayan sujada, matar wani babba a wurin aikin Kumai ta biyo su gida. Ta zauna a kushin, ta sha shayi, ta kama gefen labulen ta murza da yatsu biyu.

"Hellen, wannan fari ne, ko ruwan madara kika saya?"

Iyakar abin da ta ce ke nan, ta yi dariya ta tafi. Ran Asabar da safe sai ga birkila da bulo huɗu da kwanon siminti. Ina shanya a bayan katanga na ji komai.

"Kumai, me za a yi da taga ɗin?" in ji Afiniki.

"Za a rufe shi, Yaya. Hayaƙi yana lalata mana falo."

"In ka rufe, hayaƙin zai bi ina?"

"Zai bi sama mana. Hayaƙi ai sama yake tafiya. Akwai ƙananan rami a ƙarƙashin kwano."

"To bari in fitar da murhu na tsakar gida."

"A kan simintin da na zuba? Bango ya yi baƙi, fulawa na su mutu? Yaya, nan ba Nok ba ne. Kuma in kina girki ki riƙa jawo ƙofa, don shi ma yana fitar da hayaƙi."

Afiniki ta dubi ƙaninta, ta dubi birkilan da ya riga ya fara kwaɓa siminti. Daga baya a hankali ta ce, "Wancan risho na falo fa?"

Hellen ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Haba Yaya, ba ki saba da shi ba. Kananzir ba wasa ba ne, sai ki ƙona mana gida. Kuma Baban yara ba ya son tuwon risho, ya ce ba shi da daɗi."

Yaushe Kumai ya taɓa cin tuwon risho har ya san ɗanɗanonsa, Allah kaɗai ya sani. Kafin rana ta take an toshe tagar, an shafe ta sumul, har an bi ta da farar ƙasa.

Da farko abin bai nuna ba sosai, don itacen rani busasshe ne, yana ci da wuta ba gardama. Sai damina ta sauka. Wanda ya san ruwan Kafanchan ya san ba ya wasa, yakan kwana uku yana zuba. Itace ya jiƙe, Afiniki ta koma durƙuso gaban murhu tana hurawa da baki, a ɗakin da ba taga, ƙofa a jawe. Daga gidana nakan ga hayaƙi yana tsiyayowa ta ƙarƙashin kwano siriri-siriri, sauran duk yana ciki tare da ita. Can sai ta turo ƙofa ta fito da tari, ta dafa bango, hawaye na zuba kamar an aiko mata da rasuwa. Ta share da bakin zane, ta ja numfashi biyu, ta koma.

"Yaya Afiniki, ki bar ƙofar a buɗe mana! Ai sun tafi aiki."

"Madam tana shinshina labule in ta dawo," in ji ta, don haka take kiran Hellen. "Tana ganewa."

Na ji kamar in tsallaka in yage labulen nan da hannun da ya ɗinka shi. Da yamma na tare Hellen a bakin ƙofa, ta dawo daga ofis da jakarta a hannu.

"Hellen, idon Yaya ya yi ja kamar gauta. Ɗakin nan zai kashe ta."

"Ai su mutanen ƙauye sun saba da hayaƙi, Martina. Cikin shi aka haife su. Uwata ma haka ta yi girki har ta tsufa."

"Ɗakin uwarki ba shi da taga?"

"Ke ma dai da neman magana. In damina ya wuce komai zai yi daidai."

Ta shige ta bar ni tsaye a bakin ƙofa.

Washegari na ce wa Afiniki ta kwaso tukwanenta ta zo ta yi girki a rumfata, inda iska ke shiga ta ko'ina. Kwana biyu ta yi tana dafawa a wurina tana miƙa abinci ta kan katanga, har na ji ta tana 'yar waƙa a kan tukunya. A rana ta uku Kumai ya shigo gidana ko sallama babu.

"Martina, kina so gari ya ce ni Kumai ba ni da kicin? A ce yayata tana yawon girki a gidan maƙwabta?"

"Ina so yayarka ta yi numfashi ne, Malam Kumai."

"Na gode. In ta gaji da zama a gidana, hanyar Nok a buɗe yake."

Ya faɗi haka ne da ƙarfi don ta ji, kuma ta ji. Kafin in gama ba shi amsa ta riga ta ɗora tukunya a ka. Na bi ta har bakin ƙofa ina mita. Ta juyo ta ce mini, "Martina, a Nok ba ni da ko ɗaki. Shi kaɗai ya rage mini. Ni na goya shi, ba zai bar ni in lalace ba." Ta faɗa da iyakar gaskiyarta, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai.

Ban haƙura ba. Na je wurin wani dattijon ikilisiyarmu na zayyana masa komai, ya girgiza kai ya ce lallai zai je. Ya kuwa je. Aka zaunar da shi a kushin, aka kawo masa shayi da biskit, aka ɗaga masa mayafin risho ya gani. Da ya fito na tare shi a hanya.

"Baba, ka ga ɗakin girkin?"

"Ban kai can ba, 'yata, amma na yi magana da Kumai. Yaro ne mai tsoron Allah. Mutum nawa ne za su ɗauko gwauruwa su riƙe a zamanin nan? Ki bar shiga tsakanin 'yan'uwa. Ita kuma ta ƙara haƙuri."

Haƙuri kuwa ta ƙara, don ba ta da abin da ya fi shi yawa.

A watan Agusta ne tartsatsi ya faɗa mata a idon hagu tana hura wuta. Idon ya kumbura, ya koma fitar da ruwa, da safe sai ta jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin ya buɗu. Ta ɗaure shi da tsumma ta ci gaba da aiki da ɗayan. Ta roƙi Kumai ya kai ta asibiti. Ya ce wannan ciwon ido ne na damina, kowa yana yi, ya sayo mata wani ɗan man shafawa a kemis. Da man ya ƙare ido bai warke ba, ya ce ta bari ƙarshen wata, aiki ya yi masa yawa a tasha. Ƙarshen wata ya zo, ya ce a bari a gama bikin godiyar kaka a coci, tunda shi ne shugaban shirye-shirye kuma a gidansa baƙi za su ci abinci. Wa zai dafa musu idan aka kwantar da ita?

A makon nan ne aka kawo masa garmaho mai rediyo, dogo kamar akwatin gawa, mutum huɗu suka shigar da shi falo. Ita kuma ya sayo mata baƙin tabarau a kasuwa, ya ce ta riƙa sawa idan za ta fito gaban baƙi, don idon ba kyan gani.

Wata rana zare ya ƙi shiga allurata, na leƙa katanga kamar yadda na saba. Ta karɓa, ta ɗaga allurar sama wajen haske, ta lashi zaren, ta zura. Ya wuce ta gefe. Ta sake, ya wuce. Ta matso da ita har tana neman taɓa hancinta. Sau biyar tana gwadawa, ni kuwa ina tsaye na rasa inda zan sa idona.

"Wannan allura naki ba shi da rami, Martina," ta ce, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Haka ne, Yaya, irin na yanzu ba su da kyau."

Na karɓi abata na koma ɗaki na zauna a gaban keke, na kasa taka shi.

Ran Alhamis a Zumunta aka miƙa mata wurin karatu. Ta tashi, ta buɗe littafinta mai baƙin bango wanda ta naɗe da leda saboda tsufa. Ta karanta layi biyu lafiya, ashe da ka take yi, don ta haddace wurin. Da ta kai inda ba ta haddace ba sai ta tsaya. Ta kawo littafin kusa, ta kai shi nesa, ta karkata shi wajen taga. Can ta rufe shi ta miƙa wa Lucy da ke kusa da ita, ta ce, "Ki ci gaba, maƙogwaro na yana ciwo." Ta zauna ta sunkuyar da kai har aka yi addu'ar rufewa. Daga ranar ba ta sake zuwa da littafin ba.

Sai maganar yashi ta fara. Ranar bikin godiyar kaka falo ya cika da manyan baƙi, an fito da farantan tangaran a karo na farko, an zuba tuwon acca da miyar karkashi. Ina cikin masu taya rabo. Wani baƙo ya kai loma, muka ji ƙaras a bakinsa. Ya yi murmushi ya haɗiye don kunya. Kumai ma ya tauna nasa, fuskarsa ta canza. Bai iya jira baƙi su tafi ba, ya zagaya baya ya tura ƙofar ɗakin girki. Hayaƙin da ya fito ya sa shi ja da baya yana tari, sai ya tsaya daga waje yana magana.

"Yaya, so kike ki kunyata ni? Yashi a tuwo, a gaban mutane?"

"Ban gani ba, Kumai. Na rege shi sau huɗu."

"Ba ki gani ba, ko ba ki so ba? Tunda aka rufe tagan nan kike fushi da mu. Duk abin da nake miki!"

"Kumai, ido na yana tafiya. Na dama ma ya fara. Ka kai ni asibiti, don Allah."

"Na ji. Bari a yi Kirsimeti. Bayan Kirsimeti zan kai ki har babban asibitin ido, ki huta."

Ya goge idonsa da hankici, don 'yar tsayuwar nan ta sa shi hawaye, ya koma wurin baƙinsa yana ba su haƙuri.

Na ce mata ni zan kai ta, ko ba da izininsa ba. Ta ƙi. Ta ce idan ta bi ni ta tafi, ba ta san ko za a buɗe mata ƙofa in ta dawo ba, kuma Kirsimeti saura mako shida ne kawai. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na ce mata wawuya, Allah ya gafarta mini. Ta ce in bari dai, Ubangiji yana gani. Abin da na iya yi shi ne in riƙa rege mata acca a ɓoye ina miƙa mata ta katanga. Yau idan na tuna, nakan ga da wannan taimakon nawa ma na ƙara mata kwanaki a ɗakin nan, tunda yashi ya daina damun kowa.

Ana jibi Kirsimeti Hellen ta ɗauki hutu don gyaran gida. Ta wanke labulen da shuni, ta goge shi, ta goge gilashin kabad, ta rataya takardu masu launi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Afiniki kuwa tun safe tana ciki tana suyar cincin da nama, kasko bayan kasko. Rana tana tsaka, ina gugar kayan mutane a rumfa, sai na ji an turo ƙofar ɗakin girki. Ta fito tana laluben bango, ta tsaya a tsakiyar gida, ta ɗaga fuska sama.

"Martina? Kina nan?"

"Ina nan, Yaya."

"Hadari ne ya taso? Me ya sa gari ya yi duhu haka? Ki taya ni kwashe shanya."

Babu ko ɗigon girgije a sama. Rana ce fayau, irin mai sa mutum runtse ido. Na ajiye dutsen guga na tsallake katangar nan, ni da shekaruna, ban san yadda na yi ba. Da na kama hannunta sai na ga bayan hannun ya saluɓe, mai ya ƙona ta tun ɗazu. Ta kai hannu neman matsami ne ta tsoma shi a kasko, kuma ba ta yi ihu ba don kada Madam ta ce ta ɓata cincin.

Ranar na manta da maƙwabtaka. Na tsaya a tsakar gidan Kumai na ɗaga murya har mutanen layi suka taru a ƙofa. Na ce a zo a ga ɗakin da ake dafa mutum tare da tuwo. Mata suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fito tana tari tana salati. Kumai ya dawo ya tarar da taro, kuma abin da roƙon wata biyar bai yi ba, idon jama'a ya yi shi a minti biyar. Washegari muna cikin jirgi, ni da shi da ita.

A asibitin ido likita ya daɗe yana haska mata fitila. Ya tambayi wata nawa da fara ciwon, na faɗa masa. Ya tambayi aikin da take yi da inda take yin sa, na faɗa masa wannan ma, ban rage komai ba. Kumai ya gyara zama ya ce, "Likita, ba tsufa ba ne? A gidanmu ido yana saurin mutuwa."

Likitan ya dube shi ta saman tabarau. Ya ce miki ne aka bari ya ci idon hagu har ya gama da shi, ciwon ya kama na dama, hayaƙi kuma yana ƙara masa kullum. Ya ce da an kawo ta da damina, da magani na mako biyu ya isa. Yanzu na hagu ya tafi, na dama kuma za ta riƙa bambance dare da rana, iyakarsa ke nan. Afiniki ta saurara har ya gama, sannan ta tambaya ko akwai tabarau da zai sa ta iya karatu, ko da manyan baƙaƙe ne. Likita ya ce babu. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Kwana biyar muka yi kafin mu dawo. Muna shiga gidan, abin da na fara gani shi ne bulo huɗu an jera su a gindin bango, tagar ɗakin girki kuma a buɗe wayam, har an sa mata sabon katako. Hellen ta fito da gudu tana yi mana sannu da zuwa, idanunta sun yi ja.

"Martina, ashe ɗakin nan ba ya shiguwa! Ran Kirsimeti na shiga in ɗumama miya, minti goma ban yi ba, ido na kamar an zuba barkono. Na kwana da ciwon kai. Washegari da safe na aika a kira birkila. Risho ma na kunna shi, ashe ba shi da wuya ko kaɗan."

Ta faɗi wannan ne a gaban Afiniki, da fara'arta, kamar mai ba da labarin dabarar da ta gano. Minti goma. Matar da ke tsaye kusa da ni ta yi wata tara a ɗakin nan, sau uku a rana, tana roƙo ana ce mata ta saba. Birkilan da ya toshe tagar yana nan a bayan layi, bulon da ya yi wata tara a bango ya ciru kafin a gama shan koko, rishon da zai ƙona gida ga shi can yana dafa shinkafa lafiya lau. Babu abin da ya canza a gidan nan sai mai idon da hayaƙin ya shiga. Na buɗe baki in faɗi haka, Afiniki ta matse mini hannu, na haɗiye.

'Yan Zumunta suka zo gaisuwa da yamma. Saboda idon mutane, Kumai ya kama hannun yayarsa ya shigar da ita falo, ya zaunar da ita a kushin da ke kusa da taga. Tunda aka kawo kujerun nan ba ta taɓa zama a kansu ba, shara kawai take shigowa yi. Ta zauna a bakin kujerar a ɗarare, hannunta mai bandeji a kan cinya. Lucy ta yi addu'a, aka ce amin. Kumai ya yi ta bayani cewa nufin Allah ne, kuma shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har babban asibiti ya kai ta.

Iska ta kaɗo labulen ya shafi kafaɗarta. Ta ɗaga lafiyayyen hannunta ta lalubo shi, ta bi ragar da yatsu a hankali har ta kai kan adon da na yi masa a baki.

"Martina, wannan ne labulen?"

"Shi ne, Yaya."

"Har yanzu fari ne?"

Na dubi Kumai, ya kau da kai wajen kabad. Na dubi Hellen, tana gyara furen roba da ba abin da ya same shi.

"Fari ne fat, Yaya," na ce.

Ta gyaɗa kai, ta sake shi ya koma wurinsa.

"To, madalla," in ji ta. "Ku riƙa kula da shi. Da ido na aka wanke shi."